Yadda Na Kai Jarkar Sale Ghana

Tun da na dawo ban huta ba. A majalisarmu ta Gyadi-Gyadi, kullum bayan la'asar sai wani ya tayar da zancen: "Malam Nafi'u, wai da gaske jarka ka ɗauka tun daga Kano har Ghana?" In na fara bayani, wannan ya katse ni da tambayar ko na ga teku, wancan ya ce shi dai a gaya masa ko suna cin tuwo. Labarin ya yi ta yawo a unguwa har ya yi ƙiba. Ran nan na shiga adaidaita sahu na ji direban yana ba fasinja labarin wani duba-gari da aka kama a boda da fetur, bai san ni ne a bayansa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun daga tushe, kowa ya karanta, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin lafiyar al'umma ne a Tarauni, irin waɗanda tsofaffi suke kira duba-gari. Mu ne masu leƙa rijiya da kwata da mahauta, mu tare cuta tun kafin ta kai mutum gadon asibiti. Na daɗe ina wannan aiki ban shiga ƙungiyar masu sana'armu ba. A ganina taro ne na manya masu son rataya kati a wuya su sha lemo a otal. Dakta Binta, shugabar reshenmu na Kano, ita ta yi ta naci har na shiga, don dai in huta da kiran wayarta.

Daminar bara amai da gudawa ya shiga Darmanawa, unguwar da mahaifiyata take. Ya kwantar da gidaje, ya kwantar da Inna. Na tsaya a kanta a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, idanunta sun faɗa, muryarta ba ta fita, ni da nake bi gida-gida ina wa mutane wa'azin ruwa mai tsabta. Allah ya tashi kafaɗarta. Amma tsoron da na ji a ranar bai sake ni ba.

Unguwar ruwan 'yan garuwa take sha, masu turo jarkoki a kura daga burtsatse. Maganin kuma yana hannunmu: ɗan sinadarin kulorin ne a ɗiga a jarka, ya kashe ƙwayar cutar. To amma da an ɗiga sai ruwan ya ɗauki wani wari, matan gida su ce ba sa so, 'yan garuwa su ƙi yarda a taɓa musu jarka kar su rasa masu saye. Da sun hango ni sai su juya kura su shige lungu. Inna ce kan gaba a masu boren. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan farinta, sai dai ta ce, "Kai duba-gari, ruwan da zan sha in yi alwala ne za ka mayar mini warin asibiti? Wanda ya kwantar da ni shi ya tashe ni." Na kai mata ruwan leda, ta ce ɗanɗanon roba yake yi, ta rabar wa maƙwabta. Na ce ta dawo gidana, ta ce ba ta barin ɗakinta. Rani yana tafiya, wata daminar tana matsowa, ni kuma dabara ta ƙare mini.

Ana cikin haka Dakta Binta ta kira ni ofis. Ta ce ƙungiyoyin 'yan sana'armu na ƙasashen yammacin Afirka za su haɗu a Akra, kuma da ni za a tafi. Ta ce suna da wata al'ada: ranar ƙarshe ba a karanta takarda. Duk wanda wata matsala ta gagara, sai ya zo da abin da kansa, a ɗora a tebur kowa ya gani.

"Mai fama da sauro ya zo da gidan sauronsa," in ji ta. "Kai jarka ce matsalarka, Malam Nafi'u, jarka za ka ɗauko."

"Hajiya, jarka? A gaban farfesoshi?"

"Su ma farfesoshin da nasu tarkacen za su zo."

Na je wajen Sale, ɗan garuwan da yake kai wa Inna ruwa, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gaya. Da ƙyar ya tsaya. "Yallaɓai, ba dai kamu ba ne?" Na ce aro na zo. Da ya ji inda za a kai ta sai ya ce, "Ita ma za a yi mata fasfo?" Ya zaɓo mini wadda ta fi tsufa, rawaya, murfinta ya ɓata an toshe bakin da leda an ɗaure da roba. Ya ce a dawo masa da abarsa, tana da farin jini.

Bayan sallar asuba muka hau titin Zariya a bas ɗin da reshe ya ɗauka. But ɗin motar ya cika da akwatuna da kilishin tsaraba, don haka jarka a cinyata ta yi tafiyar. Kusa da ni Emeka ne, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Unguwa Uku aka haife shi, Hausa kuwa kamar jakin Kano. Kafin mu kai Kwanar Dangora ya raɗa mata suna Hajiya Jarka. Duk inda aka tsaya sai ya ce, "Oga, a tambayi Hajiya ko za ta kewaya."

Abin da ya faru a Lokoja, duk wanda ya san 'yan sana'armu ba zai yi mamaki ba. Muka sauka wajen wata mai soya kifi, yunwa tana cin kowa. Maimakon a ci, sai wannan ya leƙa bahon wanke kwanuka, wancan ya zaga baya yana neman inda ƙudaje suke tasowa, wata kuma ta zuba wa faratun matar ido. Ni kaina na tsinci kaina ina ɗaga murfin randarta. Matar ta ajiye matsami ta riƙe ƙugu, ta ce da turancin kasuwa, "Ci za ku yi, ko kama ni kuka zo yi?" Direbanmu yana gefe ya riga ya cinye nasa yana sakace, ya ce shi shekara da shekaru a nan yake ci, ga shi nan garau. Dakta Binta ce ta raba gardamar, ta ce a ci abin da ya fito daga mai yanzu-yanzu. Muka ci muna hura yatsu, kuma in faɗi gaskiya, har ƙari na yi.

A Legas na fara ganin amfanin katin da nake rainawa. 'Yan ƙungiya na can suka tare mu, suka ba mu ɗakuna a masaukin ɗalibai na wata makarantar lafiya. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya karɓi jakata da hannunsa, yana kirana ɗan'uwa, ba don komai ba sai don aikinmu ɗaya. Aka kawo baƙin tuwonsu na garin doya da wata koriyar miya mai yauƙi. Na daɗe ina juya ta da cokali irin na mai tuhuma, da na kai baki sai na ji ashe lalo ce, irin wadda take fitowa a bayan gidan kowa. Cunkoson motocinsu kuwa, duk mai ƙorafi da titin Zariya ranar Litinin ya je can ya gani, ya dawo ya nemi gafarar Kano.

Yanzu mu zo kan maganar boda, tunda ita aka fi ƙara wa gishiri. A Seme kowa ya sauka da kayansa aka yi layi. Ban sani ba ashe irin wannan jarkar ce ake safarar fetur da ita ta wannan hanya. Jami'in kwastan yana ganina rungume da ita ya ce in fito gefe. Mutumin aikinsa yake yi, bai ɗaga mini murya ba. Ya kwance robar, ya zare ledar, ya kai hanci. Sai ya yi baya da sauri har hularsa ta karkace.

"Ba fetur ba ne," in ji shi. "Da ma fetur ɗin ne. Me ake zubawa a ciki?"

"Ruwan sha, ranka ya daɗe."

"Na mutane?"

Na ce na mutane. Ya tambayi aikina, kafin in buɗe baki Emeka ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Duba-gari ne, babba ma, shi yake duba tsabtar mutane." Layin nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har da wata mai tallan abarba da ba na jin ta san me aka ce. Jami'in ya ce shi bai gane dalilin da mutum zai ƙetare ƙasa da jarka mai warin kududdufi ba, kuma abin da bai gane ba ba ya barinsa ya wuce.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta boda, mai duba katin rigakafi, ita ta cece ni. Ta hango 'yar alamar ƙungiya a mayafin Dakta Binta, ta taso. Ashe 'yar ƙungiya ce. Ta yi wa jami'in bayanin al'adar, ta ce ita ma wata shekara murfin masai ta ɗauka zuwa irin wannan taro. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce masu wannan sana'a sai addu'a, ya miƙo mini abata da yatsa biyu. Na hau mota kunya tana cina. Shekara guda ina fama da jarkokin nan, kullum bayan an cika su nake shinshinawa, ban taɓa kai hanci bakin wadda babu komai a ciki ba.

Kwatano gari ne na 'yan acaɓa masu rawayar riga, sun cika titi kamar fari. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Faransancina gaisuwa ce kaɗai, ita na yi ta yi wa kowa, har wanda ya taka mini ƙafa. Ƙasar Togo kuwa na ɗan gyangyaɗa bayan azahar, na buɗe ido aka ce mun kusa ƙare ta. A nan na ga teku, tana bin gefen titi. Emeka ya zungure ni ya ce, "Oga, ga dam ɗin Tiga ya girma." Ni kuwa tasbihi nake yi.

A Akra ma masaukin ɗalibai aka ba mu, ɗakuna tsaf, sai dai famfon banɗaki yana da nasa ra'ayin game da lokacin zuwa. Mutanen akwai ladabi. In ka shiga taro, daga dama ake fara gaisawa a bi layi zuwa hagu, ba a tsallake kowa don a kai ga babba. In kun yi musabaha kuma, a ƙarshe sai a haɗa yatsu a ƙyasta. Na yi ta gwadawa nawa ba ya ƙara, sai dai in ja yatsan mutum kamar mai gyaran targaɗe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jana'izarsu. Ranar Asabar na ga an kafa rumfuna, an sa ja da baƙi, kiɗa yana tashi, ga hoton wata tsohuwa ƙato tana murmushi. Na ce wa mai gadinmu Allah ya sanya alheri, bikin wa ake yi? Ya ce tsohuwar ce ta rasu, tun watannin baya, sai yau dangi suka gama haɗuwa. Na gaya masa mu a wajenmu wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ya riƙe baki, ya ce to yaushe mutane suke samun lokacin yin kuka? Na ce bayan an dawo. Muka tsaya kowa yana tausayin ɗan'uwansa.

Abinci kuwa, akwai dokunu, tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, ana ci da kifi da wani baƙin yaji. Ranar farko na lakaci yajin kamar miya, sai da na ga wuta. Shinkafa da wakensu ja ce, da karan dafi suke dafa ta, garau-garau ce dai ta je makaranta. Da safe muka shiga zango, unguwar Hausawa, muka sha koko da ƙosai wajen wata dattijuwa. Da ta ji daga Kano muke sai ta ajiye ludayi. Ta ce kakanta fataucin goro ne ya kawo shi, bai koma ba, ita kuma ba ta taɓa zuwa ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Na ce ana yi. Ta ƙara mini ƙosai, ta ce in gaishe da gida.

Kwanakin farko na taro na zauna na ji abubuwan da ban taɓa ji ba, na kuma gane cewa ciwon kan da nake zaton nawa ne ni kaɗai, rabin zauren suna fama da shi. Amma hankalina yana kan jarka. Tana kusurwar ɗaki, duk sanda na dube ta sai in tuna fuskar jami'in nan da hularsa a karkace. Ranar ƙarshe a gaban mutanen ƙasashe za a buɗe ta, a ce ga abin da duba-garin Kano ya kawo. Ana gobe ranar, bayan la'asar, Emeka ya tafi kasuwa sayo wa matarsa atamfa. Na ɗauki jarka na zaga bayan masauki inda ake wani gini. Na ɗebi tsakuwa na zuba, na sa garin sabulu da ruwa, na yi ta girgiza kamar mai kaɗa nono. Abin da ya fito, in ka ga miyar kukar da ta kwana biyu, to shi. Na sake, na sake, har ruwan ya fito fari tas. Na kife ta ta bushe, raina fes, ban gaya wa kowa ba.

Ranar ƙarshe aka kwashe kujeru aka jera tebura. Ga mai gidan sauron da masunta suka mayar komar kamun kifi, ga mai murhun da hayaƙinsa yake sa mata tari, kowa da abin da ya hana shi sakat. Ƙa'idar ita ce ba a dogon turanci, nuna wa mutane ake yi. Wannan ya yi mini daɗi, don turancina in ya ga taro guduwa yake yi.

Da aka zo kaina na yi bayani a taƙaice: ga unguwa, ga 'yan garuwa, ga cutar bara, ga warin da ya sa mutane suka ƙi magani. Na ce yanzu za ku ji da hancinku. Na cika jarka, na ɗiga kulorin daidai yadda nake yi a gida, aka ɗan jira, na tsiyaya a kofuna aka rarraba. Na koma gefe na harɗe hannu ina jiran a fara yamutsa fuska.

Ba wanda ya yamutsa. Wani farfesa dogo daga Senegal ya shinshina, ya kurɓa, ya shanye, ya ce ruwa ne mai daɗi. Na fizgi kofi na kai hanci. Ɗan ƙamshin maganin yana nan can ƙasa-ƙasa, amma warin da ya addabi Darmanawa babu shi babu dalilinsa. Wani ya ce wataƙila ruwan Kano ne daban, Emeka ya ce a'a, shi da kansa ya gwada ruwan burtsatsen a kwalbar gwaji, bai yi wari ba. Dakta Binta tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Ba kunyar ce ta fi damuna ba. Gani na yi na ƙetare ƙasashe, zan koma hannu rabbana, hadari zai haɗu, Inna kuma tana nan da randarta.

Sai wata 'yar tsohuwa mai furfura ta matso. Dakta Akosuwa sunanta, daga Kumasi, a gefen zango ta tashi don haka tana jin Hausa. Ta sa aka juye sauran ruwan, ta kunna fitilar wayarta ta haska cikin jarkar, ta daɗe tana leƙe.

"Ɗan'uwana," in ji ta, "haka mai ita yake aiki da ita?"

Na yi ƙasa da murya. "Na ɗan wanke ta jiya."

"Da me?"

"Tsakuwa da sabulu."

"Me ya fito?"

Na gaya mata. Emeka ya ɗora hannu biyu a ka. "Oga! Tun daga Kano muka yi jigilar shaida, ka zo nan ka wanke ta?"

Tsohuwar nan ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. Da ta nutsu ta juya ta yi wa zauren bayani. Ta ce shekarun baya ta sha irin wannan wahala da masu sayar da ruwa a garinsu. Jarka bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, sai a wanke bayanta a bar cikin. Gansakuka da dauɗa su yi mata rufi a ciki. In an ɗiga kulorin, da wannan dauɗar yake fara haɗuwa, haɗuwarsu ce take tayar da warin, kuma a nan ƙarfinsa yake ƙarewa. Mu kuma in mun gwada mun ga ya ƙare sai mu ƙara, wari ya ƙaru. An koya mana wannan a makaranta, amma a kan tankin gari aka koya mana, tunanina bai taɓa kai shi cikin jarkar Sale ba.

Aka yi tafi, farfesan Senegal ya zo ya ba ni hannu, kuma a ranar yatsana ya ƙyasta. Ina cikin washe baki Dakta Akosuwa ta ja ni gefe.

"Kada ka koma kana bin 'yan garuwan ɗaya-ɗaya, za su ci gaba da gudu. Suna da ƙungiya?"

Na ce ban sani ba.

"Kai taka ce ta kawo ka nan. Je ka tambayi tasu."

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai a Seme na nemi jami'in nan ido rufe don ya sake shinshinawa, aka ce ba ya bakin aiki. Har yau abin yana raina.

Da na mayar wa Sale jarkarsa ya juya ta, ya leƙa, ya ce wannan ba tasa ba ce. Na rantse masa ita ce. Na tambaye shi ko suna da shugaba, ya dube ni kamar na tambaya ko suna da kai. Ya kai ni wajen Baba Haruna, dattijon da duk mai tura kura a yankin yake jin maganarsa. Na je ba da kakin aiki ba, na tsuguna na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yau ka zo ta ƙofa, Malam. Da ta katanga kake zuwa." Ya gindaya sharaɗi: ba kamu, ba ƙwace, kuma wanda ya kawo shawara shi zai fara girgizawa.

Ranar da aka sa, na zaci ni kaɗai zan je. Sai ga 'yan reshenmu sun cika bakin burtsatsen. Dakta Binta ta ɗaure mayafi a ƙugu ta rungumi jarka, Emeka yana raba tsakuwa yana ba da kiɗa da baki. Ƙarar girgizar nan ta cika unguwa, mata suna leƙowa ta zaure suna tambayar ko biki ake yi. Ana ta raha har aka fara juyewa a kwata. Da 'yan garuwa suka ga abin da yake fitowa daga jarkokinsu sai raha ta yanke. Sale ya tsuguna yana kallo, ya ce a hankali, "Da wannan nake ba 'ya'yana ruwa." Baba Haruna bai jira ni ba, shi da kansa ya yanka doka: kowane mako a wanke, wanda bai wanke ba kada ya ɗora jarka a kura. A nan aka cika, aka ɗiga magani, shi ya fara sha. Na ɗauki hoton na tura wa Dakta Akosuwa, ta amsa da cewa in ci gaba da gwada ruwan, kada murna ta sa in saki jiki.

Saura mutum ɗaya. Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, bayan la'asar na nufi Darmanawa. Na san da safe Sale ya cika mata randa daga wankakkiyar jarka mai magani, ita kuwa randar Inna kullum a wanke take. Na same ta a tabarma tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta ce in ɗebo mata ruwa. Na ɗebo a moɗa na miƙa da hannu biyu, gabana yana faɗuwa fiye da yadda ya faɗi a gaban farfesoshi.

Ta sha, ta sauke moɗar, ta yi hamdala.

"Ka ji ruwa," in ji ta. "Tunda Allah ya shirye ka ka daina zuba mana maganin nan naka, ai ga shi ruwa ya koma ruwa."

Na so in yi shiru in bar ta a haka. Amma in ta ji a bakin wani, randar za ta zubar, Salen ma ta sallame shi.

"Inna, da maganin a ciki."

Ta tsaya. Ta dubi cikin moɗar, ta kai hanci, ta daɗe. Iska ta taso tana kaɗa shanya, aka fara yayyafi a kan kwano. Ban san sanda idona ya cika ba, don ita nake gani a gadon asibitin nan, leɓenta a bushe. Ta ɗago ta ga fuskata, ta kawar da kai irin na uwa da ɗan fari. Sannan ta kafa kai ta shanye sauran, ta miƙo mini moɗar ba tare da ta dube ni ba.

"To tsayuwar me kake yi? Ƙaro."